Na Ɗora Linux a Kwamfutar Tebur, Sai Kuma Me? Tambayoyi da Amsoshi

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10, masu kwamfutocin tebur da yawa a Jos suka shiga neman mafita. Yawancin injinan da ake saya a shagunan Ahmadu Bello Way da kewayen Terminus na hannu ne, irin su Dell OptiPlex 7010 da 3020 da HP EliteDesk 800 G1. Lafiyarsu ƙalau, amma Windows 11 tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da firosesar Intel ta ƙarni na takwas zuwa sama, su kuwa na ƙarni na uku ne ko na huɗu. Shi ya sa ake komawa Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta da ake ɗorawa a madadin Windows. Ɗora ta ba wuya. Aikin yana bayan an ɗora, kuma jerin da aka bi wajen yin sa ya fi komai muhimmanci: wuta tukuna, sannan agogo, sannan intanet, sannan sabuntawa. Amsoshin nan sun shafi nau'in Linux biyu, Ubuntu 24.04 da Linux Mint 22, waɗanda tushensu ɗaya ne.

Me zan fara yi da zarar ta tashi karon farko?

Kafin ka taɓa linzami ma, leƙa bayan kwamfutar. Wasu tsofaffin injinan da aka kawo daga Amurka suna da wani ɗan jan makulli a jikin akwatin wutarsu, an rubuta 115 a gefe ɗaya, 230 a ɗaya gefen. Wutarmu 230 ce. Idan yaro ya tura shi zuwa 115 aka jona, ƙara ɗaya za ka ji, sai wari. Manna masa salatif ya zauna a 230.

Daga nan ka duba kwanan wata da lokaci, ka haɗa intanet, ka buɗe Terminal, wato tagar rubuta umarni, da Ctrl+Alt+T, ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

sudo apt update
sudo apt upgrade

Kalmar sudo tana ba umarni izinin mai kula da kwamfuta, shi ya sa za a nemi kalmar sirrinka. Umarni na farko yana ɗauko jerin sababbin abubuwa ne kawai. Na biyu shi ke sauke su ya girka. Kafin ya fara zai nuna maka yawan megabait ɗin da zai ci, ya jira amincewarka. Karanta adadin. Sabuntawar farko takan kai ɗaruruwan megabait, saboda faifan da ka ɗora da shi ya kwana biyu da fitowa. Kada ka fara ta sai kana da tabbacin wuta na aƙalla awa ɗaya. Idan ta gama, sake kunna kwamfutar.

Ina rubuta kalmar sirri a Terminal amma ba na ganin komai. Kibod ɗin ne ya lalace?

Lafiyarsa lau. A Ubuntu haka aka tsara, ko tauraro ba ya fitowa, don kada na kusa da kai ya ƙirga haruffan. Rubuta ka danna Enter. Mint ita tana nuna taurari.

An ɗauke wuta ana tsakiyar sabuntawa. Yanzu komai na rubuta sai ta kawo kuskure.

Wannan ita ce matsalar da ta fi yawa a wajenmu, kuma galibi tana gyaruwa cikin minti goma. Abin da ya faru shi ne, an kwance wasu ƙunshin manhaja amma ba a ƙarasa daidaita su ba, tsarin ya tsaya rabi da rabi. Idan kwamfutar tana tashi, rubuta:

sudo dpkg --configure -a
sudo apt --fix-broken install
sudo apt update
sudo apt upgrade

Idan ta ce ba ta samu makulli ba, wato "Could not get lock", kada ka yi gaggawar goge fayil ɗin makullin kamar yadda wasu ke ba da shawara. Sau da yawa mai sabuntawa na atomatik ne ke aiki a ɓoye. Ba shi minti goma ko sha biyar. Goge makulli alhali wani aiki na tafiya shi ke mayar da ƙaramar matsala babba.

Idan kuma ba ta tashi gaba ɗaya, akwai hali biyu. Na farko, baƙin allo da kalmar initramfs a farkon layi. A saman allon za ka ga sunan ɓangaren faifan da ya samu matsala, misali /dev/sda2. Rubuta fsck -y /dev/sda2, amma da sunan da naka allon ya nuna, ka bari ya gama, sannan ka rubuta exit. Na biyu, ta tsaya cak bayan tambarin kamfani. Sake kunnawa, ka riƙe Shift ko ka riƙa danna Esc har jerin farawa, wato GRUB, ya fito, ka shiga Advanced options, ka zaɓi kernel (zuciyar tsarin Linux) na baya, wato wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta. Da shi za ta tashi, sai ka yi umarnin nan huɗu na sama.

Maganin dindindin UPS ne. Mai 650VA, wanda batirinsa 12V 7Ah ne, ya ishi kwamfuta ɗaya da monita su ba ka 'yan mintuna ka adana aiki ka kashe. Kada ka jona firinta mai leza a kansa. Hitar da ke narka tona a cikinta tana jan wutar da ta fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Sannan ka shiga BIOS, wato saitin injin da ake shiga lokacin kunnawa, F2 a Dell, F10 a HP, ka nemi inda aka rubuta AC Recovery ko After Power Loss, ka sa ta zauna a kashe. In ba haka ba, duk kawowa da ɗaukewar wuta sai ta kunna kanta, ko kana gida ko ba ka nan.

Ba ta da Wi-Fi. Yaya zan haɗa ta da intanet?

Hanya mafi sauƙi tana aljihunka. Jona wayar Android da kebul, ka shiga saitin wayar ka kunna USB tethering. Linux za ta gan ta kamar wayar LAN nan take, ba ta neman direba. Idan ba ta gani ba, canja kebul, domin wasu na caji ne kawai, ba su da wayoyin data a ciki.

Idan za ka sayi ɗan Wi-Fi na USB, sunan kwali ba shi ne abin dubawa ba, guntun da ke ciki ne. Jona shi ka rubuta lsusb, za ka ga sunan guntun. Atheros AR9271, Ralink RT5370 da MediaTek MT7601U suna aiki da kansu. Wasu na Realtek kuwa sai an nemo musu direba daban, wanda kan lalace idan kernel ya canja. Misali ɗaya ya isa: TP-Link TL-WN722N fitowar farko AR9271 ne a cikinsa, fitowa ta biyu da ta uku Realtek ne, kuma sunan kwalin bai canja ba. In da hali, tafi shago da filashin da ka ɗora Linux da shi, a kunna wata kwamfuta da shi a gwada a gabanka kafin ka biya.

Datata tana ƙarewa ban san inda take tafiya ba.

Wurare uku ne. Na farko, sabuntawar tsaro ta atomatik. Na biyu, a Ubuntu, manhajojin Snap, ciki har da Firefox, waɗanda ke leƙa sabo sau huɗu a rana su sauke da kansu. Na uku, Flatpak a Mint: manhajar farko da ka ɗauko ta wannan hanya takan jawo wani babban tushe na ɗaruruwan megabait tare da ita, ko da ita kanta 'yar ƙarama ce. A Software Manager na Mint, idan manhaja tana da zaɓi biyu, ɗauki System Package.

A Ubuntu shiga Settings, Network, danna alamar saiti kusa da haɗinka, ka kunna Metered connection. Sannan:

sudo snap set system refresh.metered=hold

Amma fa ka ɗauki nauyi ke nan. Ware rana ɗaya a mako, ko ka yi amfani da datar dare, ka sabunta da hannunka. Burauzar da ta yi wata uku ba sabuntawa, kuma da ita ake shiga banki, haɗari ce ta gaske. Don ganin abin da ake ci kullum, girka vnstat, ka riƙa rubuta vnstat -d.

Mai makaranta ko shago da ke da kwamfuta goma, bai kamata ya sauke abu ɗaya sau goma ba. A girka apt-cacher-ng a kan ɗaya, a nuna wa sauran adireshinta da ƙofa 3142. Ta farko ta sauke daga intanet, tara su ɗauka a wajenta.

Kullum na kunna sai in ga kwanan wata ya koma baya da shekaru, shafuka suna ƙin buɗewa.

Batirin agogo ne ya mutu. A kan babban allon cikin kwamfutar akwai wani farin batiri mai faɗi kamar kwabo, CR2032, mai 3V. Injin da ya shekara goma, nasa ya gaji. Idan kwanan wata ya kauce, burauza za ta ƙi amincewa da takardun shaidar shafuka, shi ma apt zai ce "not valid yet". Cire fulogi, buɗe murfi, tura ɗan ƙarfen da ya riƙe batirin, sa sabo da alamar + tana sama. Masu gyaran agogo ma suna sayar da shi. Bayan nan ka koma BIOS ka gyara lokaci, ka kuma duba saitin da ka yi a baya, don cire batiri yakan mayar da su yadda suka zo. Yankin lokacinmu a Linux sunansa Africa/Lagos.

Na bar Windows a gefe. Duk lokacin da na koma can sai agogo ya yi baya da awa ɗaya.

Linux tana ajiye agogon injin a kan lokacin duniya na UTC, Windows kuma tana ɗauka lokacin gida ne. Najeriya tana gaban UTC da awa ɗaya, ga bambancin nan. A Linux rubuta:

sudo timedatectl set-local-rtc 1

Za ta yi gargaɗi, amma gargaɗin ya fi shafar ƙasashen da ke canja agogo da bazara. Mu ba ma canjawa.

Abu biyu kuma ga mai tsari biyu. Idan kana ganin fayilolinka na Windows amma ba ka iya ajiye komai a can, Fast Startup ne. Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya, tana barin faifan a kulle. Shiga Control Panel, Power Options, Choose what the power buttons do, ka cire alamar. Idan kuma Windows ta ɓace daga jerin farawa, buɗe /etc/default/grub da sudo, ƙara layin GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false, ka adana, ka rubuta sudo update-grub. In har yanzu ba ta fito ba, mai yiwuwa an ɗora su ta hanyoyin tashi daban-daban, ɗaya a yanayin UEFI, ɗaya a Legacy. Waɗannan ba sa ganin juna, sai dai ka riƙa zaɓa da F12 a Dell ko F9 a HP.

Malam, ni malamar Hausa ce. Yaya zan rubuta ɓ, ɗ, ƙ da ƴ?

Malama, a nan Linux ta yi mana adalci, don ba sai kin sauke komai ba. Hanya uku ce.

Ta farko, tsarin kibod na Hausa. A Ubuntu shiga Settings, Keyboard, Add Input Source, ki nemi Hausa. Akwai ta Najeriya, akwai ta Ghana, ki ɗauki ta Najeriya. Maɓallin Windows tare da Space ke sauya tsakaninta da Turanci. Danna View Keyboard Layout ki ga inda kowane harafi ya zauna. A Mint yana cikin Keyboard, Layouts.

Ta biyu, lambar harafi. Ki danna Ctrl+Shift+U tare, ki saki, ki rubuta lambar, ki danna Enter. Ga su: ɓ 0253, ɗ 0257, ƙ 0199, ƴ 01B4. Manya kuma: Ɓ 0181, Ɗ 018A, Ƙ 0198, Ƴ 01B3. Alamar naira ₦ ita ce 20A6. A cikin LibreOffice kina iya rubuta lambar ki danna Alt+X, ta rikiɗe ta zama harafin.

Ta uku ita muka fi so ga mai rubutu da yawa, don ba ta taɓa sauran maɓallai. A Settings, Keyboard, ki sa Compose Key ya zama Alt na dama. Sannan ki ƙirƙiri fayil mai suna .XCompose a babbar foldarki, ki zuba wannan:

include "%L"
<Multi_key> <b> <b> : "ɓ"
<Multi_key> <d> <d> : "ɗ"
<Multi_key> <k> <k> : "ƙ"
<Multi_key> <y> <y> : "ƴ"

Ki ƙara layi huɗu irin su na manyan haruffa, ki fita daga asusunki ki sake shiga. Daga nan Alt na dama, k, k, sai ga ƙ. Cikin kwana biyu hannu ya saba.

Saura salon haruffa. Idan kin ga ƙ ta fito da wata siffa daban da 'yan'uwanta a tsakiyar kalma, salon da kika zaɓa ba shi da ita, aka aro daga wani. Noto Sans, DejaVu da Charis SIL suna da su duka. Takardar jarrabawa da za a kai wani wuri a buga, ki fitar da ita a PDF, don haruffan su tafi da ita. Sau nawa ake buga "ƙasa" ta fito da akwati a madadin ƙ, ɗalibi ya rasa ko kasa ake nufi? Ga masu ajami, akwai salon Alkalami na SIL, wanda aka zana bisa rubutun Kano. Sunan ƙunshinsa fonts-sil-alkalami, sai a haɗa da tsarin kibod na Larabci.

Takardun Word da ake turo mini suna wargajewa a LibreOffice.

Kashi mafi yawa laifin salon haruffa ne. An rubuta takardar da Calibri ko Cambria, babu su a nan, aka musanya da mai faɗi daban, layuka suka zame. Girka waɗanda faɗinsu ya yi daidai da su:

sudo apt install fonts-crosextra-carlito fonts-crosextra-caladea

Carlito yana tsayawa a madadin Calibri, Caladea a madadin Cambria. Times New Roman da Arial kuwa salon Liberation ya riga ya tsaya musu. Mai son na asali ya girka ttf-mscorefonts-installer. A tsakiyar girkawar wani allon yarjejeniya zai fito a Terminal, linzami ba ya aiki a kansa, mutane da yawa a nan suke maƙalewa. Danna Tab har Ok ya haskaka, sannan Enter.

Idan da masu Word kake hulɗa kullum, shiga Tools, Options, Load/Save, General, ka sa ta riƙa adanawa a docx. Ka kuma duba girman takarda. Tamu A4 ce, milimita 210 da 297. Letter ta Amurka ta fi gajarta, ta fi faɗi, ita ke sa ƙasan shafi ya yanke.

Firintata fa?

Sababbin firintoci masu Wi-Fi ko LAN galibi suna bayyana da kansu. Tsofaffin da suka cika shagunan buga takardu na kusa da jami'a a Bauchi Road su ke son kulawa. HP LaserJet 1018 da 1020 ba su da cikakkiyar manhaja a cikinsu, duk kunnawa sai kwamfuta ta tura musu. Shi ya sa za ka ga an gane firintar, an karɓi aiki, amma shiru. Ita ma P1102 tana neman ƙarin manhaja daga kamfanin HP. Da intanet a haɗe, rubuta:

sudo apt install hplip
hp-plugin -i

Ka amsa tambayoyin, ka kashe firintar ka kunna. Epson masu tankin tawada, da yawansu printer-driver-escpr ya ɗauke su, sauran kuma akwai direbansu a shafin Epson. Canon LBP2900 tana amfani da wani tsari mai suna CAPT da ke wahalarwa ƙwarai. Wanda abincinsa ya dogara da ita, ya gwada ta sosai kafin ya goge Windows. Don ganin layin ayyuka ko share wanda ya maƙale, buɗe burauza ka rubuta localhost:631. Sikana kuma, manhajar Document Scanner ce ke aikinta.

Hoton allo ya yi ƙato, ko ya baje. Sai na nemo direbobi kamar a Windows?

Idan katin hotonka Intel ne ko AMD, direbansa yana cikin tsarin. NVIDIA ce ke da na daban: buɗe Additional Drivers a Ubuntu ko Driver Manager a Mint, ka ɗauki wanda aka ba da shawara. Idan Secure Boot na kunne, za a ce ka ƙirƙiri kalmar sirri, kuma bayan sake kunnawa shuɗin allo zai fito. Zaɓi Enroll MOK ka sa kalmar. Wanda ya tsallake wannan allon, direban ba zai yi aiki ba. Tsofaffin kati irin GeForce 210 kamfanin ya daina yi musu direba tun 2019, a bar su a kan nouveau da ya zo da tsarin.

Idan allon ya maƙale a 1024 da 768, fara zargin kebul ɗin VGA. Ta cikinsa monita ke gaya wa kwamfuta girmanta, kuma masu arha ko masu karyayyen fil ba sa isar da saƙon. Canja kebul kafin ka taɓa wani saiti. In kuma sauti ne babu, duba Settings, Sound, sau da yawa an tura shi monita ne ta HDMI ko DisplayPort, ita kuwa ba ta da lasifika.

Bidiyo da waƙoƙi ba sa buɗewa.

A Ubuntu, sudo apt install ubuntu-restricted-extras vlc. A Mint, sudo apt install mint-meta-codecs vlc.

Ram ɗina 4GB ne, tana nauyi.

Rubuta free -h ka ga abin da ya rage. Ubuntu ta asali da fuskarta ta GNOME tana da ci. Da 4GB gara Mint Xfce, Xubuntu ko Lubuntu. Girka zram-config ma yana taimakawa, yana matse abin da ke ram maimakon zuba shi a faifai. Amma gaskiyar magana, burauza ce ke cinye ram, shafi goma a buɗe sun isa su durƙusar da ita ko wane tsari ne.

Idan akwai ɗan kuɗi, SSD ce kan gaba, mai inci 2.5 ta SATA, ko da 240GB ce. Babu canjin da ake ji a jiki kamar wannan. Sai ram zuwa 8GB. Umarnin sudo dmidecode -t memory zai nuna maka irin wanda ke ciki da ramukan da babu kowa. Injinan nan na ƙarni na uku da na huɗu DDR3 suke ɗauka. Idan kuma tsohon faifai za ka ci gaba da shi, buɗe manhajar Disks, shiga SMART Data, ka dubi Reallocated Sector Count. In lambar tana ƙaruwa daga mako zuwa mako, kwashe kayanka, faifan yana bankwana.

CorelDRAW da Photoshop za su yi aiki?

Ba a yi su don Linux ba. Wine, mai kunna manhajojin Windows a Linux, yana ɗaukar wasu tsofaffin fitowa, amma ba abin da za a jingina sana'a a kai ba ne. Inkscape yana aikin zane irin na Corel, yana ma buɗe fayilolin cdr da dama, ko da yake rubutu da launi kan kauce. GIMP na gyaran hoto ne, Scribus na tsara littafi da mujalla, Kdenlive na bidiyo, Audacity na sauti. Mai buga katin biki da kalanda da abokan aikinsa duk Corel suke turo masa, ya bar Windows a gefe ɗaya na faifan. Haka mai aiki da na'urar ɗaukar zanen yatsa, don manhajojinsu galibi na Windows ne. Chrome da Zoom suna da fayil ɗin deb a shafukansu, WhatsApp kuma ta burauza.

Ina buƙatar riga-kafin bairos?

Bairos ɗin filashi da ke ɓoye folda ya bar gajerun hanyoyi na bogi ba ya tashi a Linux. Hasali ma nan ne wurin gyara shi: jona filashin, za ka ga foldojin da aka ɓoye, ka kwashe su, ka goge fayilolin da suka ƙare da lnk da vbs da ba ka san da su ba. Amma fayil mai cuta yana iya ratsawa ta wajenka zuwa kwamfutar wani, don haka shago ya girka ClamAV yana duba filashin mutane. Kunna katangar tsaro, wato firewall, da sudo ufw enable.

Haɗarin gaske a nan shi ne kwafo umarni daga intanet a liƙa da sudo ba tare da an fahimce shi ba. Sudo ba ya tambaya sau biyu. Yara da ma'aikatan shago a buɗe musu asusu na Standard a Users, mai izinin girkawa ya zama mutum ɗaya.

Wace ajiya zan yi don kada in yi asara?

Iri biyu ce, kuma ana yawan haɗa su. Timeshift yana ɗaukar hoton tsarin ne, don in sabuntawa ta ɓata abu ka koma jiya. Ya zo da Mint, a Ubuntu sai an girka. Ba ya ajiye takardunka da hotunanka sai in ka umarce shi, kuma yana son faifai mai tsarin Linux irin ext4, ba ya rubutu a NTFS ko FAT32. Ɗauki hoton farko da zarar ka gama sabuntawa da saita firinta. Ajiye na mako biyu ko uku ya isa, fiye da haka yana cika faifai.

Kayanka kuwa, Déjà Dup a Ubuntu ko Backup Tool a Mint, zuwa faifan waje da ake cirewa a ajiye a wani ɗaki. Ajiyar da ke cikin kwamfuta ɗaya da asalin, wuta ɗaya ce za ta tafi da su. Filashin da za a riƙa kaiwa Windows a yi masa exFAT, don FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce 4GB.

Jos akwai sanyi. Sai na damu da zafin inji?

Sanyin yana taimakawa, amma ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu tana toshe fanka ko ina ne. Girka lm-sensors ka rubuta sensors. Injin da ke zaune ba aiki amma ya haura digiri 60, ko yake taɓa 90 in ana aiki, yana neman shara. Cire fulogi, fitar da shi waje, riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa, ka hure da bulowa. In zafin bai sauka ba, man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe. Goge tsohon, ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, ka mayar ka ɗaure kusoshin a gicciye. Kada a ajiye injin a ƙasa kan siminti, a ɗora shi kan tebur ko benci.

Da damina kuma tsawa ce abin tsoro a tudun nan. Idan hadari ya haɗo, kashe kwamfuta bai isa ba. A zare fulogi daga bango, a zare wayar LAN ma, musamman in ta ratso waje daga wani gini.

Ta nuna mini sabuwar fitowa ta zo. In hau?

Duba irinta tukuna. Ubuntu tana fitar da mai dogon tallafi, LTS, duk shekara biyu a watan Afrilu, kuma ana kula da ita shekara biyar. Na tsakani wata tara kawai suke samu, ba na injin aiki ba ne. Ubuntu 24.04 da Mint 22 suna da tallafi har 2029, don haka babu abin da ke korar ka. Ubuntu Pro, wanda kyauta ne ga mutum a kan inji biyar, yana ƙara wa'adin gyaran tsaro zuwa shekara goma.

In ka yanke shawarar hawa, sa sabuwar a filashi ka kunna da ita ba tare da girkawa ba, ka gwada Wi-Fi, firinta da sauti. Kwashe takardunka zuwa faifan waje, ɗauki hoton Timeshift, tanadi data mai yawa don aikin yakan ci gigabait ɗaya zuwa biyu ko fiye, ka tabbatar UPS ya cika kuma akwai mai a janareto. Shago ya yi wannan ranar da babu aikin mutane a hannu, kuma a fara da inji ɗaya, a yi mako guda ana aiki da shi kafin a taɓa sauran.